Kwangilar Zane-da-Gini a Aikin Asibitin Gwamnati: Abin da Ya Kamata Ku Sani

Idan gwamnati ta ba da kwangilar gina sabon asibiti, abu uku aka saba sanar da jama'a: yawan kuɗin, yawan gadajen, da watan da za a kammala. Ba kasafai ake faɗin irin kwangilar da aka ƙulla ba, alhali ita ce ke nuna wanda za a tuhuma idan rufi ya yi yoyo, ko ruwa ya ƙi hawa bene, ko aka gama ɗakin tiyata aka tarar gadon mara lafiya ba ya shiga ta ƙofarsa.

Ɗaya daga cikin hanyoyin da gwamnatoci ke bi a yau ita ce kwangilar zane-da-gini. Tana da amfani na gaske, tana kuma da hatsarin da ba ya fitowa fili sai an tare a ginin. Ba sai kun karanci aikin injiniya ba kafin ku fahimce ta. Ga bayaninta daki-daki.

Mece ce kwangilar zane-da-gini?

Kowane babban gini yana da aiki iri biyu. Na farko shi ne zane: a tsara a takarda inda kowane ɗaki zai zauna, kaurin rodin da za a sa, inda bututun ruwa da wayar lantarki za su bi. Masu zanen gini da injiniyoyi ke yin wannan. Na biyu shi ne ginin kansa, wato aikin ɗan kwangila da maginansa da birkiloli da kafintoci da masu haɗa wuta da famfo.

A kwangilar zane-da-gini, gwamnati tana ɗora ayyukan nan biyu a wuyan kamfani ɗaya, da takardar yarjejeniya ɗaya. Kamfanin zai iya kasancewa yana da masu zane a cikin ma'aikatansa, ko ya ɗauko su haya, ko kuma kamfanoni biyu ko uku su haɗu su zama gamayya. Ko ta yaya suka shirya a tsakaninsu, mutum ɗaya gwamnati ta sani. Ita ta faɗi abin da take buƙata, shi kuma ya zana, ya gina, ya miƙa.

Da me ta bambanta da hanyar da aka saba?

A tsohuwar hanya, gwamnati takan fara ɗaukar masu zane su gama aikinsu tsaf. Sai a kai zanen kasuwa, 'yan kwangila su yi takara, kowa ya faɗi kuɗin da zai gina. Wanda ya ci sai ya bi zanen da aka ba shi. Kwangila biyu ke nan, da mutum biyu da ba su ƙulla komai da juna ba.

Duk wanda ya taɓa gina gida ya san inda rigimar take. Bango ya tsage, ka kira magini ya ce shi abin da aka zana ya bi; ka kira mai zane ya ce magini ne ya rage siminti. Kai mai gida kana tsakiya, kuma daga aljihunka gyaran zai fito. Haka gwamnati take tsintar kanta a tsohuwar hanya, domin ita ce ta miƙa zanen, don haka kuskuren da ke cikinsa nata ne. Duk gyaran da ya taso, ɗan kwangila yana da damar neman ƙarin kuɗi da ƙarin lokaci.

A zane-da-gini wannan ƙofar a rufe take. Kuskuren zane ne ko na gini, mai shi ɗaya ne. Sai dai akwai abin da gwamnati ta bayar a madadin haka: a tsohuwar hanya mai zane nata ne, idonta ne a wurin aiki. A sabuwar hanya mai zane yana karɓar albashinsa daga hannun ɗan kwangila.

Me ya sa ginin asibiti ya fi sauran gine-gine wuya?

Domin mafi muhimmancin abin da ke cikinsa ido ba ya gani. Fenti da tayil da gilashi su ne ake nunawa ranar buɗewa, amma ran mara lafiya ya rataya ne a kan abin da ke cikin bango da saman silin.

Akwai iska. A ɗakin tiyata, dole iska mai tsabta ta riƙa turowa daga ciki zuwa waje don kada ƙwayoyin cuta su shiga. A ɗakin keɓe mai tarin fuka kuwa akasin haka ake so: iskar ɗakin kada ta fita baranda inda mutane ke kai da kawowa. Akwai bututun iskar oksijin da ke zuwa kan gadaje. Akwai ruwa, wanda idan ya daɗe kwance a bututu yakan haifar da ƙwayoyin cuta. Akwai lantarki, wanda bai kamata ya ɗauke ba ana cikin tiyata ko jariri na cikin kwalba. Ɗakin ɗaukar hoton ƙashi yana buƙatar bango na musamman da zai tare hasken da ke cutar da jiki. Hanyar da ake fitar da shara da kayan da suka ɓaci da jini kada ta haɗu da hanyar abinci da magani.

Sannan akwai tazara. Matar da haihuwa ta zo mata da gardama, tafiyar da za a yi da ita daga ɗakin haihuwa zuwa tiyata minti nawa ce? Zane ne ke amsa wannan tambayar, kuma da zarar an zuba kankare, amsar ta zauna ke nan shekara da shekaru.

Yaya ake tafiyar da ita?

Mataki na farko, gwamnati ta rubuta takardar buƙatu. Wannan ita ce ginshiƙin aikin baki ɗaya. A cikinta ake faɗin yawan gadaje, sassan da ake so, yawan marasa lafiyar da ake sa ran gani kullum, girman kowane ɗaki, yanayin iskarsa, ruwan da za a tanada, da ingancin kayan da za a yi amfani da su. Abin da aka rubuta a nan shi kaɗai za a iya tilasta wa kamfani ya yi.

Mataki na biyu, a tace kamfanoni. Ana duba ko sun taɓa gina asibiti, su wane ne masu zanensu, da ƙarfin aljihunsu. A tsarin gwamnatin tarayyar Amurka, wanda wata doka ta 1996 ta ba da damarsa, zagaye biyu ake yi: a fara zaɓar 'yan kaɗan bisa cancanta, sannan su kaɗai su kawo zane da farashi.

Mataki na uku, a auna tayin kowa. A nan ba a kwatanta farashi kawai, domin kowane kamfani da irin asibitin da ya zana. Ana ba zane maki, a ba farashi maki, a haɗa.

Mataki na huɗu, a sa hannu, kamfani ya ci gaba da cike zanen dalla-dalla, gwamnati tana dubawa tana amincewa. A daidai wannan lokaci za a iya fara share fili da haƙa harsashi, tun ba a gama zanen cikin ɗakuna ba.

Mataki na ƙarshe shi ne gwaji. Kafin a karɓi makulli, ana kunna komai a auna: iska, ruwa, oksijin, janareta, ƙararrawar gobara. Bayan miƙawa kuma akwai wa'adin gyara, galibi shekara guda, wanda duk abin da ya lalace saboda rashin ingancin aiki kamfani ne zai gyara da kuɗinsa.

Ba kowace gwamnati ke zama ta ƙirƙiro sharuɗɗan daga farko ba. Ƙungiyar injiniyoyi masu ba da shawara ta duniya, FIDIC, mai hedikwata a Geneva, ta fitar da samfuran kwangila a 1999, ta sabunta su a 2017. An fi sanin su da launin bangonsu: ja na aikin da mai ba da kwangila ya kawo zanensa, ruwan ɗorawa na zane-da-gini, ruwan azurfa kuma na aikin da kamfani ke ɗaukar kusan dukkan kasada ya miƙa gini a shirye.

Da gaske ta fi sauri da rangwame?

Ta fuskar sauri, hujja tana da ƙarfi. Dalilin a bayyane yake: ba a jiran a gama zane kafin a nemi magini, kuma magini yana zaune tare da mai zane tun ranar farko, yana faɗa masa abin da zai yiwu da abin da ake samu a kasuwa. Ana iya odar kayan da ke daɗewa kafin su iso, kamar lif da manyan janareta, tun da wuri.

A 1998, masu bincike biyu na Jami'ar Jihar Pennsylvania a Amurka, Mark Konchar da Victor Sanvido, sun kwatanta gine-gine 351. Sun gano cewa ayyukan zane-da-gini sun fi na tsohuwar hanya saurin kammaluwa da kusan kashi 33 cikin 100, kuɗinsu kuma ya yi ƙasa da kusan kashi 6 cikin 100. Ku lura da abu biyu: gine-gine ne iri-iri, ba asibitoci kaɗai ba, kuma ribar lokaci ta ninka ribar kuɗi nesa ba kusa ba. A ɓangaren asibiti, akwai misalin asibitin sojan ruwa na Camp Pendleton a jihar Kalifoniya, wanda aka gina ta wannan hanya aka kammala a 2013, wata shida kafin wa'adinsa.

Saboda haka idan an ce muku an zaɓi wannan hanya don a yi sauri, magana ce mai tushe. Idan an ce don araha ce kawai, ku ƙara tambaya. Araha ba ta ado, balle a ginin da za a kwantar da marasa lafiya.

To ina hatsarin yake?

Yana cikin takardar buƙatu. Kamfanin da aka yanke wa farashi, duk abin da ya rage a kashewa ribarsa ce. Inda takarda ta yi shiru, ko ta yi harshen damo, zai zaɓi abin da ya fi masa sauƙi, kuma bai karya yarjejeniya ba. Inda kuma takardar ta yi kuskure, za a zuba kuskuren a cikin kankare.

Abin da ya faru a birnin Edinburgh na yankin Sikotilan a Birtaniya ya isa darasi. An gina sabon asibitin yara na kimanin fam miliyan 150. Wata gamayyar kamfanoni mai suna IHSL ce ta karɓi aikin a 2015, kamfanin Multiplex kuma shi ne mai zane da gini a ƙarƙashinta. An sa ranar tarewa a watan Yulin 2019. Ana saura 'yan kwanaki, sai gwajin ƙarshe ya nuna matsala a sashen kulawa ta musamman, inda ake kwantar da yaran da jikinsu ya yi tsanani. Ƙa'ida ta ce a sauya iskar irin waɗannan ɗakuna gaba ɗaya sau 10 a cikin awa guda. Na'urorin da aka sa sau 4 suke sauyawa. Ministar lafiya ta yankin a lokacin, Jeane Freeman, ta dakatar da buɗewar.

Da aka bi diddigi, sai aka gano tushen matsalar a wani jadawali da aka shirya tun 2012, wanda ya lissafa yanayin iskar kowane ɗaki. A nan aka rubuta 4 a gurbin 10. Jadawalin ya bi hannuwa da yawa shekara da shekaru, ba wanda ya tsayar da shi. Ba a gama tarewa a asibitin ba sai a watan Maris na 2021. A tsakanin nan, hukumar lafiya tana biyan sama da fam miliyan 1 kowane wata saboda ginin, ga kuma kuɗin sake aikin iska.

Wannan ƙasa ce mai ƙwararrun injiniyoyi da tsauraran dokoki. Lamba ɗaya a jadawali ta tsayar da asibiti wata 20. Amma ku lura da ɗaya gefen: gwaji mai zaman kansa ne ya kama kuskuren kafin a kwantar da yaro ko ɗaya. Inda ba a yin irin wannan gwajin, da an yanka kyalle an tare, sai daga baya a riƙa mamakin yadda cuta ke yaɗuwa.

Idan kamfanin ya durƙushe fa?

Tambaya ce mai kyau, domin duk ƙwan an zuba su a hannun mutum ɗaya. A Ingila, kamfanin Carillion ne ke gina sabon asibitin Royal Liverpool, wanda aka shirya buɗewa a 2017. A watan Janairun 2018 kamfanin ya karye. Waɗanda suka gaji aikin sun tarar da manyan matsaloli, ciki har da dogayen kankaren da ke ɗauke da nauyin bene, waɗanda sai da aka ƙarfafa su. Asibitin bai buɗe ba sai a watan Oktoban 2022.

Idan mai zane da magini duk a inuwa ɗaya suke, faɗuwar kamfani tana iya tafiya da ilimin ginin baki ɗaya. Shi ya sa kwangila mai kyau take tanadar abu uku: banki ko kamfanin inshora ya tsaya wa ɗan kwangila, gwamnati ta riƙa karɓar kwafin kowane zane da lissafinsa yayin da aiki ke tafiya, kuma ta samu ikon ci gaba da aiki da masu zanen da ƙananan 'yan kwangilar idan babban ya faɗi.

Nawa ake kashewa, kuma yaya ake biya?

Babu farashi ɗaya na asibiti. Gado a babban asibitin ƙaramar hukuma da gado a asibitin koyarwa mai sashen ƙoda da na ciwon daji ba kuɗinsu ɗaya ba. Shi ya sa raba kuɗin kwangila da yawan gadaje ba ya isa a gane ko an yi tsada. Sai an san ko kuɗin ya haɗa da na'urori, da gidajen ma'aikata, da ruwa da wuta.

Galibi a zane-da-gini dunƙulallen farashi ake yankewa, a riƙa biya kashi-kashi bisa matakin da aiki ya kai: an gama harsashi, an yi rufi, an haɗa wuta da ruwa. A Nijeriya, Dokar Sayayya da Ba da Kwangila ta 2007 ta ƙayyade kuɗin kafin alƙalami, wato abin da ake ba ɗan kwangila ya fara aiki, kada ya wuce kashi 15 cikin 100. Dokar Kuɗi ta 2020 ta ɗaga shi zuwa kashi 30 ga kamfanonin cikin gida. Ba a sakin sa sai da takardar lamuni daga banki ko kamfanin inshora. Akwai kuma lamunin kammala aiki, wanda bai gaza kashi 10 cikin 100 ba.

A ɗauka, a misali, kwangilar naira biliyan 10 ce. Kuɗin kafin alƙalami ba zai wuce biliyan 3 ba. Lamunin kammala aiki zai kai aƙalla biliyan 1. Idan an yi sharaɗin riƙe kashi 5 cikin 100 har wa'adin gyara ya cika, miliyan 500 ke nan za su zauna a hannun gwamnati.

Akwai kuɗaɗen da ba sa fitowa a sanarwa. Kamfanin da ya ɗauki kasadar zane yakan sa kuɗin kasadar a farashinsa. Sauya ra'ayi bayan an sa hannu yana da tsada ƙwarai, domin babu sauran takara. Abin da kamfani ya faɗa shi za a yi ciniki a kai. Sannan ga faɗuwar darajar kuɗi. Na'urorin asibiti da dala ake sayo yawancinsu, kuma kun ga yadda farashin siminti da rodi ya tashi bayan an saki naira a watan Yunin 2023. Kwangilar da ba ta faɗi yadda za a raba nauyin irin wannan tashin ba, ƙarshenta rigima ko a gudu a bar aiki.

Abu na ƙarshe shi ne kuɗin tafiyar da asibitin. Kamfani zai miƙa ya tafi, ku ne za ku zauna da ginin. Ginin da aka lulluɓe da gilashi yana fuskantar rana, wanda ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki, zai sha dizal har ƙarshen rayuwarsa. Idan takardar buƙatu ba ta tilasta inuwa da tagogi masu shan iska da wutar sola ba, babu abin da zai sa ɗan kwangila ya damu.

Ɗaya take da haɗin gwiwa da 'yan kasuwa?

A'a, ko da yake sukan haɗu. A zane-da-gini zalla, kuɗin gwamnati ne, asibitin ma nata ne tun daga farko. A kwangilar miƙa makulli, kamfani yana ƙarawa da sanya na'urori da gadaje, wani lokaci har da horar da ma'aikata. A haɗin gwiwa da 'yan kasuwa kuwa, kamfanin ne ke nemo kuɗin, ya gina, ya kula da ginin shekara 25 ko 30, gwamnati tana biyan sa a hankali. A Nijeriya hukumar ICRC ce ke lura da irin wannan a matakin tarayya, bisa dokar 2005.

Ko wacce aka bi, gini daban, aikin asibiti daban. A Gana, an gina Cibiyar Lafiya ta Jami'ar Gana da ke Legon da rancen dala miliyan 217, aka yi bikin ƙaddamar da ita a Janairun 2017. Ta zauna fiye da shekara guda ba ta karɓi marasa lafiya ba, saboda taƙaddama kan wanda zai tafiyar da ita, sai a 2018 ta fara aiki. Babu kwangilar gini da ke ɗaukar likita aiki ko sayen magani. Wannan shiri ne da dole ya tafi kafaɗa da kafaɗa da ginin.

Su wa abin ya shafa?

Da farko marasa lafiya da masu jinyarsu. A asibitocinmu dangi ne ke kwana da mara lafiya, su kawo abinci, su yi wanki. Zanen da aka ɗauko daga ƙasar da ba a yin haka ba zai tanadi wurin kwanan masu jinya ba, ko isassun banɗakuna, ko wurin alwala da salla, ko sirrin da mata ke buƙata. Sai ku ga baranda ta cika da tabarmi. Haka zafin bazara da ke haura digiri 40 a Sakkwato da Maiduguri da Yamai, da ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska, da ɓarkewar sanƙarau da kwalara da zazzaɓin Lassa masu buƙatar ɗakin keɓewa. Duk abin da ba a rubuta ba daga cikin waɗannan, ba za a gina shi ba.

Sai ma'aikatan lafiya. Nas ɗin da ke aikin dare ta fi kowa sanin ko daga teburinta tana hango dukkan gadaje. Ungozoma ta san inda ya kamata famfon wanke hannu ya zauna. A zane-da-gini lokacin jin ta bakinsu gajere ne, kuma yana can farko, kafin a sa hannu.

Sai ƙananan 'yan kwangila da masu zane na gida. Irin wannan kwangila takan faɗa hannun manyan kamfanoni, domin shiga takarar ma sai an kashe kuɗin zane, wanda ya faɗi kuma ya yi asara. Gwamnati tana iya rage wannan ta hanyar biyan wani abu ga waɗanda suka kai zagayen ƙarshe, da kuma sharaɗin a ba kamfanonin yankin wani kaso na aikin.

Wa ke sa ido a madadin jama'a?

Tunda mai zane ya koma ɓangaren ɗan kwangila, dole gwamnati ta ɗauki nata ƙwararrun: mai zanen gini, injiniyan ƙarfin gini, injiniyan iska da ruwa da lantarki, mai ƙiyasin kuɗin gini, da masanin hana yaɗuwar cuta. Kamfani ba shi zai biya su ba, kuma ba shi zai zaɓe su ba. Gwamnatin da ta zaɓi zane-da-gini don ta huta da sa ido ta fahimci abin a baibai. Hanyar tana rage yawan kwangiloli, amma tana ƙara buƙatar ƙwarewa a ma'aikatar lafiya da ta ayyuka.

A Nijeriya, Hukumar Kula da Ba da Kwangila ta Tarayya, BPP, ita ke tantance manyan kwangilolin tarayya kafin a amince da su, jihohi kuma suna da nasu dokokin da hukumomin. Dokar 2007 ta ce a buɗe tayin kamfanoni a bainar jama'a, a kuma gayyaci 'yan sa ido daga ƙungiyar ƙwararru da ƙungiya mai zaman kanta. Masu zane sai da rajistar ARCON, injiniyoyi da ta COREN, magina da ta CORBON. A Gana dokar 2003 ce ke aiki, a Nijar ma akwai hukumar da ke daidaita harkar kwangilolin gwamnati.

Me za ku iya yi?

Kuna da damar tambaya. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan Nijeriya ikon neman takardu daga hukumomin gwamnati a rubuce, kuma ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Ƙungiyoyi irin su Tracka da Follow The Money suna bin sawun ayyukan gwamnati tare da mutanen gari. Kwamitin cigaban mazaɓa, da ƙungiyar likitoci da ta nas-nas, da masu unguwanni, da 'yan jarida, duk suna da bakin magana.

Idan za a gina asibiti a garinku, ga tambayoyin da suka fi amfani:

Wace irin kwangila ce, kuma kamfanoni nawa suka yi takara?

Ina takardar buƙatu, kuma waɗanne likitoci da nas-nas ne suka duba ta?

Kamfanin ya taɓa gina asibitin da ke aiki yanzu, wanda za a iya zuwa a gani?

Wa ke duba aikin a madadin gwamnati, kuma wa ke biyan sa?

Wa zai gwada iska da ruwa da oksijin da wuta kafin a karɓi makulli?

Kuɗin ya haɗa da na'urori? An tanadi ma'aikata da kuɗin tafiyarwa a kasafi?

Lokacin yin waɗannan tambayoyin shi ne kafin a sa hannu, ko aƙalla kafin harsashi ya tashi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Gyaran da za a yi da biro a takardar buƙatu, idan aka bari sai gini ya tsaya, da guduma da miliyoyi za a yi shi. Zane-da-gini hanya ce mai kyau ga gwamnatin da ta san abin da take so, ta rubuta shi dalla-dalla, ta kuma ajiye mai gwadawa wanda ba ya jin tsoron cewa aiki bai yi ba. Inda aka samu waɗannan ukun, za ku samu asibiti da wuri. Inda aka rasa su, ku nemi a gyara tun takarda tana kan tebur, domin ku da iyalanku ne za ku kwanta a ciki.